Ƙanwata na son rubuta SAT, an ce mu kawo sidi 4,000 na lesin. Ku ba ni shawara

Yayar Auta (Aboabo):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Iyayena da yayyena da ke wannan zaure, shawara nake nema a kan autarmu. Tana aji biyu a babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, makarantar kwana. Tun da ta dawo hutu ba ta da zance sai na wata jarrabawa wai ita SAT, wadda ake nema in mutum zai shiga jami'a a Amurka. Wata 'yar makarantarsu da ta gama bara ce ta rubuta, aka ce ta samu tallafin karatu ta tafi, shi ke nan abin ya shiga ran yarinyar nan.

Jiya na rufe shago da wuri na raka ta wani wurin lesin a wajen Adum, nan Kumasi. Mai wurin ya ce sidi 4,000 na wata uku, ban da kuɗin rajista, kuma rajistar da dala ake biya. Ya ce in mun biya a ranar zai rage mana 500. Na ce masa sai na yi shawara. Da muka shiga trotro za mu dawo ko uffan ba ta ce mini ba, taga kawai take kallo, ni kuma ina ƙirga yawan kayan da zan ɗinka kafin in haɗa kuɗin nan.

Kun san gidanmu. Mma koko da ƙosai take sayarwa, ni ɗinki, Baba kuma ciwon ƙafa ya raba shi da tuƙi shekara biyu ke nan. Ba na so in kashe mata gwiwa, don yarinya ce mai ƙoƙari, tun firamare ba ta taɓa wuce ta uku ba. Amma ina tsoron in zuba kuɗi a inda ba za su dawo ba. Wanda ya san abin nan don Allah ya gaya mini gaskiya.

Kawu na Asawase:
Wa'alaikumus salam 'yata. Taura biyu ba ta taunuwa. Yarinya tana da WASSCE, jarrabawar gama sakandare ta WAEC, a gabanta, ku bar ta ta fuskanci wannan. Ga jami'ar Tek, wato KNUST, nan a bakin ƙofarmu, mota ɗaya za ta hau ta sauka a Tech Junction. Mutane daga Najeriya da sauran ƙasashe suke biyan kuɗi su zo KNUST, mu kuma da muke kwana kusa da ita sai hangen Amurka. Na ga yara da yawa a unguwar nan da zancen waje ya ɗauke musu hankali, ba su samu na can ba, na nan ma ya kuɓuce.

Hajiya Maman Biyu (Sawaba):
Maganar Alhaji Kawu gaskiya ce. Ni abin ya faru a kaina. Babban ɗana, wani mutum ya karɓi kuɗinmu ya ce shi zai yi komai, rajista, makaranta, har biza. Adashina guda na kwashe na ba shi. Wata shida muna zarya, daga baya wayarsa ta daina shiga. Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. 'Yata, duk wanda ya ce ki biya yau-yau zai rage miki, ki riƙe jakarki da kyau.

Tica Mai Lissafi:
Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Ina koyar da lissafi a sakandare shekara goma sha ɗaya, kuma na zauna da ɗalibai da dama da suka shirya wa jarrabawar nan, to bari in faɗi yadda take, don a san abin da ake magana a kai kafin a yanke hukunci.

Wata hukuma a Amurka mai suna College Board ce ke shirya ta. Tun watan Maris na 2023, a ƙasashe irin namu an daina yin ta da fensir da takarda, a kwamfuta ake yi, cikin wata manhaja da ake kira Bluebook. Awa 2 ce da minti 14. Sashe biyu ne. Na farko Turanci, karatu da gyaran rubutu, tambaya 54 cikin minti 64. Sai hutun minti 10. Na biyu lissafi, tambaya 44 cikin minti 70. Kowane sashe makinsa daga 200 zuwa 800, in an haɗa ƙololuwa 1600 ke nan. Ba a ce wane ya ci wane ya faɗi kamar tamu ta WAEC, lamba kawai za a ba ka, kowace jami'a ta duba ko ta ishe ta.

Akwai wani abu da yara da yawa ba su sani ba sai sun shiga. Kowane sashe an raba shi kashi biyu, kuma yadda ka yi a kashin farko shi ke sa kwamfuta ta zaɓa maka na biyu. In ka yi kyau a farko ta ba ka mai wuya, kuma ta nan ake kaiwa ga maki mai yawa. In ka yi sake a farko ta ba ka mai sauƙi, ko ka cinye shi duka akwai inda makinka ba zai wuce ba. Don haka yaron da ya fito yana murna wai kashi na biyu ya yi masa sauƙi ƙwarai, ni gabana ke faɗuwa.

Game da lissafin, ɗalibar kimiyya da ke yin lissafin zaɓi a makarantunmu ta riga ta san kusan duk abin da ke ciki. Aljabara ce ta fi yawa, sai kaso da ƙididdiga, sai ɗan jometiri da tirigonometiri. Babu kalkulas. An yarda da kalkuleta daga farko har ƙarshe, har ma akwai wata a cikin manhajar, sunanta Desmos, mai zana giraf. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne an lulluɓe lissafin cikin labari da Turanci, ga mil da galan da ma'aunin zafi na Farenhait da ba mu saba da su ba, ga lokaci na gudu.

Shawarata, ƙanwata, kada ki biya 4,000 ɗin nan yanzu.

Yayar Auta (Aboabo):
Na gode Tica. To in ba lesin, da me za ta shirya? Kuma laftof ɗin fa? Mu dai waya ce da mu.

Ɗan Nima a Amurka:
Salamu alaikum iyaye. Yaya, ni na bi hanyar nan, yanzu ina shekara ta biyu a wata ƙaramar jami'a a nan, da cikakken tallafi. A Nima na tashi, can Ankara, gidanmu ɗaki biyu ne mu tara. Ban biya kowa ko pesewa na lesin ba, domin babu.

Abu biyu na yi amfani da su, duka kyauta ne. Khan Academy, wadda ita da College Board suka haɗa hannu suka tsara darussan, tana buɗewa a waya. Sai ita manhajar Bluebook, a cikinta akwai cikakkun jarrabawar gwaji, da agogo da komai kamar ranar gaske. Ita kam ba ta hawa waya, sai laftof ko iPad. Ni na wani abokin yayana nake ara ran Lahadi, yana gyaran waya a Circle. Sai in ɗauka in tafi masallacin unguwa bayan azahar, lokacin ba kowa, in jingina da ginshiƙi in yi awa biyu da 'yan mintuna ba tashi. Ladanin ya san ni, har fanka yake kunna mini in akwai wuta.

Gwajina na farko 1090 na samu. Lissafi ya yi dama-dama, Turanci ne ya zubar da ni. Abin ya yi mini ciwo, don a ajinmu ni ake kira in karanta rubutuna a gaban kowa. Daga baya na gane inda gizo ke saƙa. Mu a sukul haddace ma'anar kalmomi muke yi da tsarin rubuta wasiƙa, kuma pasko, wato tambayoyin shekarun baya, na taimakonmu saboda tambayoyin WAEC suna da kama da juna shekara zuwa shekara. Ita wannan, za a ba ka ɗan gajeren rubutu, layi biyar ko takwas, wani kan tsuntsaye, wani kan tattalin arziki, wani waƙa ce ta shekara ɗari da wani abu da suka wuce, tambaya ɗaya tak a kan kowane. Zaɓi huɗu, biyu a ciki duk sun yi kama da daidai. Kana da kamar minti ɗaya da daƙiƙa goma. Wanda bai saba karatu da sauri yana fahimta ba, ko ya haddace ƙamus ba zai kai ƙarshe ba.

Abin da ya ɗaga ni shi ne wani littafin rubutu mai shafi 80 da na saya. Duk tambayar da na faɗi sai in rubuta ta, in rubuta abin da na zaɓa, in rubuta dalilin da ya sa na zaɓe shi, sannan dalilin da ya sa ba shi ba ne. Bayan sati uku na duba, sai na ga kusan rabin kurakuraina wuri biyu ne: inda ake sa waƙafi da ruwa biyu, da kuma kalmomin da ke haɗa jimla da jimla. Waɗannan ƙa'idoji ne 'yan kaɗan, ana koyonsu a sati biyu. Daga nan maki ya fara hawa. Na rubuta sau biyu, na biyun na samu 1420.

Maganar laftof ranar jarrabawa kuma, College Board na ba da aro ga wanda ba shi da ita, amma sai an nema tun wajen rajista, aƙalla kwana 30 kafin ranar.

Kawu na Asawase:
Allah ya ƙara buɗi ɗana, mun yi murna da kai. Amma ka faɗa mana tsakaninka da Allah, ku nawa kuka fara, ku nawa kuka tafi?

Ɗan Nima a Amurka:
Kawu, mu biyar muka fara, ni kaɗai na tafi. Ɗaya a cikinmu ma ya fi ni maki. Ya samu gurbi a makarantu uku, amma tallafin da suka ba shi rabi ne, ragowar kuɗin ko gidansu aka sayar ba zai biya ba. Yana Jami'ar Ghana da ke Legon yanzu. Ba zan ɓoye wannan ba.

Kawu na Asawase:
To ka ji. Abin da nake so 'yata ta ji ke nan.

'Yar Tek (aji uku):
Ina goyon bayan Kawu, amma ba duka ba. Yaya, ki sani SAT ba ta da wani amfani wajen shiga Tek ko Legon ko Cape Coast ga ɗan ƙasa da ya yi sakandare a nan. Agiriget ɗin WASSCE, wato jimlar maki, ake dubawa, darussa shida, uku na dole uku na zaɓi, A1 maki ɗaya, B2 biyu, har zuwa C6 shida, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. In likitanci take so a Tek, kusan sai ta jera A1 a duka shidan. To duk awar da ta ɗauke daga kimistiri ta ba SAT a aji uku, akwai abin da ta saya da ita.

Kuma su kansu jami'o'in Amurkan sai sun ga sakamakonta na makaranta da na WAEC. Ba wanda zai ɗauki mai C5 da C6 ya ba shi kuɗin shekara huɗu don SAT ɗinsa ta yi kyau.

Inda na rabu da Kawu shi ne, karatun nan ma ba kyauta ba ne. Free SHS, karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017, ta tsaya a sakandare. A jami'a akwai kuɗin ɗaki, abinci, littattafai. Ni da tallafin Mastercard Foundation na so in shiga ban samu ba, Mamana ce ke fama. Shirin yana nan a KNUST, yana jami'ar Ashesi da ke Berekuso, kuma duka biyun da sakamakon WASSCE ake nema. Ta sa waɗannan ma a lissafinta, kada ta zuba ido waje ɗaya.

Hajiya Maman Biyu (Sawaba):
Ni akwai abin da ba wanda ya taɓo. Yarinya ce mace, shekara sha bakwai ko sha takwas. A ɗauke ta a kai ƙasar da ba uwa ba uba, ba dangi. Wa zai tashe ta asuba? Wa zai ga ta yi rashin lafiya? Ba ina hana ta karatu ba ne, ni ma 'yata tana makarantar nas. Amma tana zuwa gida ƙarshen wata in ga idonta.

Malamin Makaranta (Yalwa):
Hajiya, damuwarki ta uwa ce, kuma tana kan hanya. Sai dai yarinyar nan na san ta, a gabana ta yi sauka tana shekara goma sha uku, Asabar da Lahadi ba ta fashin makaranta ko ana ruwa. Kakanninmu da suka kafa zangon nan daga Kano da Katsina da Sakkwato suka taso da ƙafa, suna fataucin goro ta Salaga, ba su bar sallarsu a hanya ba. Muna tura yara Azhar da Madina ba mu ce sun yi nisa ba. Abin da za a duba shi ne garin da za ta, akwai masallaci, akwai namu a kusa. Wannan kuma sai in gurbin ya samu. Yanzu dai maganar karatu ake, kuma ban ga laifin yarinya ta ƙara ƙwarewa a Turanci da lissafi ba.

Ɗan Nima a Amurka:
Mma Hajiya, gaskiya shekarar farko da wuya. Azumin farko ni kaɗai na yi buɗa-baki a ɗaki da burodi da madara, na kira gida na ji hayaniyar tsakar gida sai hawaye. Amma akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi a makarantar, muna Juma'a a wani ɗaki da aka ware mana. Kuma 'yan zango suna da yawa a Bronx da Kolombus ta Ohayo, in an yi hutu can nake zuwa in ci waakye da tuwon zafi.

Tica Mai Lissafi:
Bari in dawo da mu kan lokaci, don a nan ne nake ganin za a sasanta Alhaji da ɗanmu na Nima.

A makarantar kwana ba a yarda ɗalibi ya riƙe waya ba. Ke nan ko an so ko ba a so, shirin da ake yi a intanet sai lokacin hutu. Wannan ma ya isa ya nuna cewa lesin na wata uku a Adum bai dace da ita ba, hutun zai ƙare kuɗin bai ƙare aiki ba.

Yawancin ɗalibaina da suka dace, bayan sun ajiye biron WASSCE suka rubuta SAT. Akwai watannin da yaro ke zaune a gida yana jiran sakamako, ba abin da yake yi. Ana yin jarrabawar sau da yawa a shekara, ranar Asabar, har da Oktoba da Nuwamba da Disamba, sakamako kuma na fitowa cikin kamar sati biyu. Jami'o'in can, masu neman wuri suna rufe karɓar takardu wajen 1 ga Nuwamba, sauran kuma farkon Janairu, a fara karatu a Agusta. To babu abin da ke kore ta yanzu.

Abin da ba ya jira shi ne karatu. Saurin fahimtar Turanci ba a gina shi a wata uku, ko wa ya ce miki zai iya. Yaranmu na zango Hausa suke ji a gida, Tuwi a kasuwa, Larabci a makaranta, Turanci sai a aji. Baiwa ce babba, amma tana nufin awannin da suka yi da Turanci ba su kai na ɗan da aka haifa a cikinsa ba. Maganinsa ta riƙa karanta wani abu kullum, minti talatin, wanda ba littafin aji ba. Daily Graphic ta jiya da ake naɗe ƙosai da ita ma ta isa a fara, shafin sharhi. Ɗakin karatu na makarantarsu akwai littattafan labari da ba mai taɓawa. In ta gama shafi ta rufe, ta faɗa wa kanta a jimla ɗaya abin da marubucin ke nufi. Wannan zai taimake ta a Turancin WASSCE ma, wanda shi ne ke hana yaran kimiyya da yawa agiriget mai kyau. Ba a yi asarar komai ba ko da Amurkan ba ta yiwu ba.

Kawu na Asawase:
In dai haka ne, ba ni da ja. Karatun jarida ba ya hana kimistiri. Abin da na ƙi shi ne a bar tabbas a kama gaibu. Amma ku faɗa mata kuɗin gaba ɗaya, kada a ce rajista kawai. Na san akwai wasu a baya.

Ɗan Nima a Amurka:
Akwai, Kawu. Rajistar kanta, da ƙarin da ake ɗora wa na ƙasashen waje, ta haura dala 100, kuma da katin banki ake biya, ba da momo, kuɗin waya, ba. Yafewar kuɗin da College Board ke yi ta 'yan Amurka ce, ba ta shafe mu ba. In za a rubuta sau biyu, a ninka. Sai fasfo, don da shi na shiga ɗakin jarrabawa, kuma dole sunan da ke jikinsa ya zama daidai da wanda aka yi rajista da shi, harafi da harafi. Kuɗin cike takardun jami'o'i ana iya neman a yafe ta cikin Common App, shafin da ake neman jami'o'in can da shi, ni duk an yafe mini. In gurbi ya samu, akwai dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje a Amurka, da dala 185 na neman biza, sai tikitin jirgi.

Kuma a daina cewa SAT ce ke ba da tallafi. Ita ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi. Suna duba sakamakon aji ɗaya zuwa uku, wasiƙun malamai, rubutun da za ka yi game da rayuwarka, da abin da kake yi in ka fita aji. Ni a kan taya Mamana sayar da fura na yi nawa rubutun. Kuɗin wasu jami'o'in ya haura dala 80,000 a shekara, don haka irinmu sai wadda za ta ɗauki nauyi duka. Masu ɗaukar ɗalibin waje ba tare da duba aljihunsa ba 'yan kaɗan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, kuma yawancin waɗanda suke ɗauka makinsu na sama da 1500. Akwai wasu ƙanana da sunansu bai yi ƙara a nan ba amma suna da kuɗi, can ya fi kyau a baza ƙugiya.

'Yar Tek (aji uku):
Amma na ji an ce tun korona jami'o'i da yawa sun ce ba dole sai da SAT ba. To me ya sa za a wahala?

Tica Mai Lissafi:
Haka ne, daga 2020 da yawa sun mai da ita ganin dama, kuma har yanzu akwai masu yin haka. Amma MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi a 2024. Ko a inda ba dole ba ne, ki duba ta wannan fuskar: mai karanta takardun yana zaune a can, wataƙila bai taɓa jin sunan makarantar yarinyar ba, bai san nauyin A1 a fiziks ba. Lambar SAT kuwa ya san ta. Ga ɗan zango da ba shi da wanda zai tsaya masa, maki mai kyau shaida ce da ba ta buƙatar tafinta. In kuma makin bai yi kyau ba, a irin waɗancan makarantun sai a ƙi turawa.

Wani abu kuma, ƙanwata. Akwai cibiyar EducationUSA, ta gwamnatin Amurka ce, tana Ankara tana nan Kumasi. Aikinsu ke nan ba da shawara kan neman jami'o'in can. Ku fara zuwa wurinsu kafin kowane dillali.

Yayar Auta (Aboabo):
Tana kusa da ni tun ɗazu tana karantawa. Ta ce in ba ta wayar ta yi magana da kanta.

Assalamu alaikum Kawu, Mma Hajiya, Malam, Tica, da yayyena. Ni ce Auta. Na gode da kuka ɓata lokacinku a kaina. Kawu, wallahi ban raina Tek ba, in Allah ya ba ni ita zan karɓa hannu biyu. Injiniyan magunguna da na'urorin asibiti nake so in karanta, tun ranar da muka kwana uku muna jiran a duba ƙafar Baba saboda na'urar ta lalace. Ban san cewa akwai gwaji kyauta ba, da ban sa Yaya ta rufe shago ba. Tica, na yi alkawari ba zan taɓa littafin SAT a makaranta ba sai na gama WASSCE, jarida da littafin labari kawai. Amma ina roƙon a bar ni in yi gwaji ɗaya a hutun nan, in san inda nake.

Kawu na Asawase:
Allah ya yi miki albarka. Gwaji ɗaya ba komai. Akwai laftof ɗin yaron wajena da ya tafi bautar ƙasa ya bari, batirin ba ya riƙe wuta sosai, sai an bar ta a jone. Yayarki ta aiko a ɗauka gobe bayan la'asar.

Ɗan Nima a Amurka:
Ƙanwata, in za ki yi, ki yi shi kamar na gaske. Ki tashi da safe, don ranar jarrabawa ƙarfe takwas saura kwata ake buɗe ƙofa, takwas a rufe. Kada ki tsayar da agogo, kada kowa ya aike ki. Kada ki bar tambaya ba amsa, ba a rage maki don an yi kuskure. Wadda ta tsaya miki ki sa mata alama ki wuce, ki dawo in lokaci ya rage, amma ki sani in kashi ya rufe ba a komawa cikinsa. Kuma ki yi wasa da Desmos ɗin nan tun yanzu, tambayar da za ki yi layi shida kina warwarewa, in kin zana ta sai ki ga inda layukan suka haɗu.

Hajiya Maman Biyu (Sawaba):
Ni dai har yanzu zuciyata na nan inda take game da tafiyar. Amma in don wurin zama ne shiru, falona ba kowa da safe, yara sun tafi. Ta zo nan ta yi, gidanku hayaniyar masu sayen koko ba za ta bar ta ba.

Yayar Auta (Aboabo):
Salamu alaikum, na dawo da labari. Ran Talata ta yi gwajin a falon Hajiya. Ni na raka ta, na zauna a baranda da ɗinkin hannu. Ana cikin kashi na biyu na lissafi aka ɗauke wuta, laftof ɗin Kawu ta mutu nan take. Na ji ta ce innalillahi, na leƙa na ga ta dafe kai. Hajiya ta aika aka tayar da janareton maƙwabta, da aka kunna sai ga shi ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba abin da ya ɓace.

Ta samu 1150. Lissafi 660, Turanci 490. Ta ce tambaya biyar na ƙarshe a kowane kashin Turanci ba ta ma karanta su ba, cika su kawai ta yi. Da daddare na same ta ta raba shafin littafi gida huɗu da rula tana kwafe waɗanda ta faɗi, kamar yadda yayanta na Nima ya ce. Mma kuma ta fara ware mata shafin tsakiya na jarida kafin ta yayyaga sauran.

Kuɗin da na so in fara tarawa na lesin, na buɗe musu asusu daban, na rajista da fasfo ne, in lokacin ya zo. Ranar Alhamis za mu je EducationUSA kafin ta koma makaranta.

Sai dai wata matsala ta taso da muka fito da takardunta. Sunan Baba a takardar haihuwarta da "u" ya ƙare, a takardar BECE, ta gama ƙaramar sakandare, babu "u", kuma an raba shi biyu da ɗan layi a tsakiya. Tica, wanne za mu bi wajen fasfo, kuma a gyara tun yanzu ne ko sai an zo rajistar WASSCE?

Tica Mai Lissafi:
Tun yanzu, kafin makaranta ta tura sunayensu WAEC. Ki zo da takardun duka biyu da katin Ghana na Baba ranar Laraba, ina tashi ƙarfe biyu. Sai mu duba tare mu ga wanda ya fi sauƙin gyarawa.